Daga Ƙwayar Almon Zuwa Gyauron Dawa: Asalin Wasu Kalmomin Kimiyya

Laccar da aka gabatar a Minna, Jihar Neja



An ba ni batu a kan ƙwayar da ba a nomanta a Jihar Neja, mafi yawanmu ma ba mu taɓa ganin itacenta ba. Turawan Ingila suna ce mata almon, Larabawa suna ce mata lauz. Wanda ya je Hajji ko Umara ya san ta: 'yar ƙwayar nan ce mai ruwan ƙasa, mai tsini a baki ɗaya, wadda ake cusawa cikin dabino bayan an cire ƙwallonsa a kasuwannin Madina. A nan Minna sai a manyan kantuna ake ganinta cikin leda, da tsadarta. To, me ya kai mu tara jama'a a kanta? Dalilin shi ne sunanta ya bazu a littattafan kimiyya fiye da yadda ita kanta ta bazu a gonaki. Ɗalibin likitanci yana cin karo da shi a ƙwaƙwalwa, na ilimin duwatsu yana cin karo da shi a dutse, na kemistiri a kwalba. Kowa hadda yake yi saboda jarrabawa, ba wanda ya gaya musu kalma ɗaya suke ta juyawa.

Abin da nake so ku riƙe tun daga farko shi ne, sunan kimiyya yawanci labarin mutumin farko yake bayarwa: abin da idonsa ya gani, ko wurin da ya tsinci abin. Bai ɗauki alkawarin gaya maka aikin abin ba, balle ya ce a nan kaɗai ake samunsa. Mu ma haka muke yi. Mun ce masara don ta ɓangaren Masar muka ji labarinta, alhali asalinta Meziko ne. Mun ce dankalin Turawa, alhali Turawan daga tsaunukan Kudancin Amurka suka kwaso shi.

Mu fara da raba wata gardama. Akwai itacen da ke cike da harabar makarantu da tsofaffin gidajen gwamnati, daga Bosso har Tunga, wanda yara ke kira furut, wasu kuma su ce almon. Rassansa suna fita hawa bisa hawa, ganyensa fala-fala, idan zai kaɗe sai ya rine ja. Yaro zai cinye tsokar, ya nemo dutse ya durƙusa yana dukan ƙwallon, bayan ya sha wuya ya fasa, sai ya tarar da 'yar siririyar ƙwaya wadda sau da yawa dukan ya riga ya ragargaza. Wannan ba almon ba ne, ko dangi ba su haɗa ba. Sunansa Terminalia catappa. Terminus a Latin iyaka ce ko ƙarshe, don ganyen a can ƙarshen reshe yake cunkushewa. Ku duba idan kun fita. Catappa kuwa daga ketapang aka samo shi, sunan da mutanen Malesiya da Indunusiya ke kiransa da shi. Danginsa na nan a dajinmu: marke, sabara, geza, sai ɗan'uwansa na kusa, baushe. Sunan baushe Terminalia avicennioides. Wutsiyar nan ta oides tana nufin mai kama da, wato mai kama da Avicennia, wani itace na bakin teku da ake samu a yankin Neja Delta. Shi kuma Avicennia, masanin tsirrai na Suwidin, Linnaeus, ya raɗa masa sunan ne don girmama Ibn Sina, likitan nan mai Alƙanun fiɗ Ɗibbi, wanda ya rasu a Hamadan a 1037. Ke nan mai maganin gargajiyar da ya saro saiwar baushe a dajin Mariga, itace mai ɗauke da sunan Ibn Sina ya sara, bai sani ba.

Almon na gaske ɗan gidan su tuffa da furen wardi ne. Asalinsa yammaci da tsakiyar Asiya, wajajen Iran da maƙwabtanta. Yana bukatar sanyin hunturu kafin ya yi fure, yana kuma bukatar rani busasshe lokacin da yake nuna, shi ya sa Minna da ruwan damina da zafinta ba wurinsa ba ne. An same shi a kabarin Fir'auna Tutankhamun, wanda ya mutu fiye da shekara 3,300 da suka wuce. Yau kusan kashi 80 cikin 100 na wanda duniya ke ci daga jihar Kalifoniya ta Amurka yake fitowa.

Girkawa sun kira shi amygdale, a faɗe amigdale. Rumawa suka ara suka ce amygdala. Da Latin ta shiga bakin talakawa ta lanƙwashe, sai ta koma amandula, daga nan kowa ya ja nasa: Italiyawa mandorla, Jamusawa Mandel, Faransawa amande, Sifaniyawa almendra, Ingilishi almond. Wannan al ɗin da ya maƙale a gaba babu shi a asali. Masana da yawa suna ganin zaman Larabawa a Andalus ne ya jawo shi, kunne ya saba da alif da lam a farkon kalma, sai aka ba kalmar da ba Balarabiya ba rawanin Larabawa. Lauz kuwa nata hanyar ta bi, ta gangara gabar Afirka ta Gabas, masu Suwahili suka ce lozi.

Sunan da masana tsirrai suka daɗe suna amfani da shi shi ne Prunus dulcis, amma sai da aka yi ta kai da kawo. Linnaeus a 1753 ya sa masa Amygdalus communis, wato almon gama-gari. Philip Miller a 1768 ya ce Amygdalus dulcis. Da aka ga ai ɗan gidan Prunus ne, Batsch a 1801 ya ce Prunus amygdalus. Sai a 1967 wani masani ɗan Ailan, David Webb, ya daidaita shi bisa ƙa'idar cewa tsohon suna shi ke da gaba, muddin wani tsiron bai riga ya kama shi ba. Dulcis mai zaƙi ne. Abin dariyar shi ne akwai almon mai ɗaci wanda ke kisa, shi ma a ƙarƙashin wannan suna yake, sai dai a ƙara masa amara, mai ɗaci. Wato cikakken sunansa mai zaƙi mai ɗaci. Ƙa'idar suna ba ruwanta da harshen mai ɗanɗano.

Kalmomin da suka fito daga wannan ƙwaya hanya biyu suka bi, wasu ta siffarta, wasu ta ɗacinta.

Na siffa, mu fara da maƙogwaro. Ƙulluwan nama biyun nan da ke zaune dama da hagu can cikin baki, waɗanda ke kumbura yaro ya kasa haɗiyar ko da kunu (ba belin da wanzami ke cirewa nake nufi ba, shi a tsakiya yake rataye), likitan Maraɗi ko Damagaram da ya yi karatu da Faransanci amygdales zai ce musu. Bajamushe zai ce Mandeln. Balarabe zai ce allauzatani, lauz biyu. Masu ilimin duwatsu ma sun ara. Idan dutse mai aman wuta ya zubo da narkakken dutse, iska takan bar 'yan kofofi a ciki, daga baya ruwa ya ratsa ya cike su da fararen ma'adinai, sai ka ga baƙin dutse da ɗigo-ɗigon fari masu siffar almon. Su ake kira amygdale, dutsen kuma amygdaloid. Kada ɗaliban ilimin duwatsu su wahalar da kansu nemansa a jikin Dutsen Zuma, shi a ƙarƙashin ƙasa ya huce a hankali. Sai ku nufi inda aka yi aman wuta, irin tsaunukan Jos da na Biu.

Wanda ya fi shahara shi ne na ƙwaƙwalwa. A 1822 wani masanin jikin ɗan Adam, Bajamushe, Karl Friedrich Burdach, ya yanka ƙwaƙwalwa ya ga wani ɗan dunƙule a can ciki, kusan saitin kunne, ɗaya dama ɗaya hagu. Ya ga ya yi kama da almon, ya sa masa amygdala. Iyakar abin da ya sani ke nan, siffa. Sai bayan shekara fiye da 100 aka fara gane aikinsa. A ƙarshen shekarun 1930, Heinrich Klüver da Paul Bucy a Chicago suka cire wa birai sashen ƙwaƙwalwar da wannan dunƙule yake ciki. Birin da a da ko hango maciji ya yi sai ya haukace, sai ga shi yana kai hannu zai ɗauka. A 1994 masu bincike a Jami'ar Iowa suka ba da rahoton wata mata da ake sakaya sunanta da S.M., wadda wata cutar gado ta lalata mata amigdala duka biyu. Tana gane fuskar mai murna, amma a nuna mata fuskar wanda ya firgita sai ta kasa karantawa. Daga baya an kai ta shagon da ake sayar da macizai, ta riƙa ɗauka tana shafawa. Daga nan jaridu suka yi wa amigdala laƙabi da gidan tsoro. Sai a 2013 aka sa matar nan ta shaƙi iska mai yawan kabondayokzaid, irin wadda ke sa mutum ya ji kamar an shaƙe shi, nan take ta firgita firgici mai tsanani. Ashe akwai tsoron da ba ta wannan ƙofa yake shiga ba. Ni a wurina Burdach ya fi 'yan jarida adalci: ya faɗi abin da ya gani, ya tsaya nan.

Yanzu ga hanyar ɗaci, wadda ta fi shafarmu.

A 1830 wasu Faransawa biyu, Robiquet da Boutron-Charlard, suka tace wani farin sinadari daga almon mai ɗaci, suka sa masa amygdalin. Shi kaɗai a zaune ba ya ɓarna. A 1837 Liebig da Wöhler a Jamus suka gano cewa a cikin ƙwayar akwai wani abu na biyu mai kwance shi, suka kira shi emulsin. Sunan daga emulgere ne na Latin, wato tatsa, don idan aka niƙa almon da ruwa farin ruwa yake bayarwa kamar an tatso madara. Mai fenti a Kasuwar Kure da ke tambayar ka ko na mai kake so ko emolshan, jikar wannan kalma yake faɗa. Tsiron yana ajiye abubuwan biyu ne a rabe cikin ƙwayar, kamar maigidan da ya sa fetur a ɗaki ɗaya, ashana a wani ɗakin. Ranar da haƙori ya tauna, ko aka daka aka jiƙa, bango ya faɗi, suka haɗu. Abu uku ke fitowa: sukari, da wani mai mai ƙamshi, da guba.

Man nan shi ne benzaldehyde, kuma sunansa ya yi doguwar tafiya. Fatake Larabawa suna kawo wani ƙaro mai ƙamshi daga tsibiran Indunusiya, suna ce masa luban jawi, lubban na Jawa. Turawan Bahar Rum suka ɗauka lu ɗin farko harafin nuni ne irin nasu, suka yar da shi, abin ya koma benjui, ya koma benzoin. Daga shi aka sami benzoic, aka sami benzoate ɗin da za ku gani a jikin kwalbar lemo, wanda ke hana shi lalacewa. A 1833 Mitscherlich ya fitar da wani ruwa daga wannan tsatso ya kira shi Benzin, yau kuma da wannan suna Jamusawa ke kiran fetur. Alhajin da ya ji direba a Makka yana cewa zai sha banzin, kalmar Larabawa ce ta je yawon Turai ta dawo gida ba a gane ta ba. Babu abin da ya haɗa ta da banza tamu, kada wani ya fita ya ce ni na faɗa. A gefe guda, a 1831 wani mai haɗa magani Bajamushe, Winckler, ya dafa amigdalin da ruwan asid ya sami mandelic, daga Mandel. 'Yan'uwa mata masu karanta jikin robar man shafawa sun san sunan.

Gubar kuwa ita ce sayanaid. Kyanos a Girkanci shuɗi ne mai duhu, alhali gubar ba ta da launi ko kaɗan. Abin da ya faru shi ne, a farkon ƙarni na 18 an haɗa wani shuɗin fenti a Balin. A 1782 Scheele na Suwidin ya fitar da gubar daga wannan fenti, a 1815 Gay-Lussac na Faransa ya gano abin da ta ƙunsa ya raɗa sunan. Launin gidan da aka same ta aka liƙa mata. Aikinta a jiki shi ne hana ƙwayoyin jiki amfani da oksijin. Huhu na jan iska, jini na ɗauka, amma inda aka kai ba a karɓa, sai mai rai ya shaƙe alhali iska cike da ƙirjinsa. Almon mai ɗaci ƙwaya kaɗan ya isa ya halaka ƙaramin yaro. Wanda muke ci kuwa, binciken da Raquel Sánchez-Pérez da abokan aikinta suka buga a 2019 ya nuna sauyi ne ɗan mitsitsi a ƙwayar gado guda ya kashe masa hanyar haɗa amigdalin. Wani manomi a zamanin da ya dace da irin wannan itace, ya ɗanɗana bai ji ɗaci ba, ya adana irin.

Iyayenmu makiyaya da ke cikin zauren nan za su ce ai mun san wannan. Gaskiyarku. Kowane Bafulatani ya san ba a sakin shanu a gyauron dawa, ko a dawar da ba ta kai gwiwa ba, musamman idan fari ya dake ta sannan ruwa ya sauko ta yi sabon toho. Saniya za ta ci, ba a jima ba ta fara haki, miyau na dalala, ƙafafu na rawa, ta faɗi. Idan aka yi saurin yanka ta, jinin jawur yake fita, don oksijin ɗin yana nan ba a taɓa shi ba. Sayanaid ce, ita ɗin dai ta cikin almon. A 1902 wasu Turawan Ingila biyu, Dunstan da Henry, suka binciki ɗanyar dawa daga Masar, suka fitar da sinadarin, suka sa masa dhurrin, daga zura, sunan dawa da Larabci. Hatsin da ya nuna lafiyarsa lau, a ɗanyen toho abin yake taruwa.

Na rogo sunansa linamarin. Linum shi ne tsiron da ake yadin lilin da shi, amarus kuma mai ɗaci, don a cikin wannan tsiro wasu masana biyu a Beljiyam suka fara samunsa a 1891. Sunan bai ambaci rogo ba ko da wasa, alhali Nijeriya ta fi kowace ƙasa a duniya noman rogo, kuma a nan ne sinadarin ya zama zancen rai da mutuwa. Ku tsaya wata rana ku kalli mata masu garin kwaki. Za a fere rogon a wanke, a kai inji a markaɗe. Markaɗen nan shi ne rushe bangon da ke tsakanin sinadarin da mai kwance shi. A ɗura a buhu a ɗaure, a danne da manyan duwatsu ko jak ɗin mota, a bar shi kwanaki yana tsami, ruwa na tsiyaya. Ruwan nan idan akuya ta sha tana iya mutuwa, shi ya sa mai hankali ke haƙa masa rami. Sannan a tankaɗe a zuba a babban kasko, mace na juyawa tana kau da kai daga tururin. Sayanaid tana tafasa a wajen digiri 26 ne kacal, zafin kasko kuwa ya ninka haka, sai ta bi iska. Kowane mataki da aikinsa, kuma waɗanda suka tsara shi ba su taɓa jin sunan Liebig ba.

Matsala tana zuwa ne idan yunwa ko son kuɗi ya sa aka gajarta. A 1938 wani likita ɗan Italiya, Trolli, ya ba da rahoton wata cuta a yankin Kwango na ƙasar Kongo, wadda mutanen Yaka ke kira konzo, ɗaurarrun ƙafafu: mutum ya wayi gari ƙafafunsa sun sandare, kuma ba ta warkewa. Ta sake ɓarkewa a Nampula ta Mozambik lokacin farin 1981. A nan gida, Farfesa Benjamin Osuntokun na Ibadan ya yi shekaru yana nazarin wata cutar jijiya a ƙasar Yarbawa, mai sa tangaɗi da raunin gani da na ji, ya danganta ta da dogaro da rogo. Jiki yana da dabarar karya sayanaid kaɗan-kaɗan, amma yana bukatar sinadarin farar wuta da ake samu a nama, ƙwai, kifi da wake. Shi ya sa talaka mai cin rogo safe da yamma ba haɗi ya fi kowa shiga haɗari. Abin da jikin ya mayar da gubar kuma yana tare wa aidin hanya, ya ƙara wa maƙoƙo ƙarfi.

Saura wanda zai nuna cewa sanin asalin suna kariya ne. Akwai abin da ake tallatawa a WhatsApp da Facebook da sunan bitamin B17, wai maganin ciwon daji ne da likitoci ke ɓoyewa. Ɗayan sunansa Laetrile. Ku ɓare shi: lae daga laevo, hagu, trile daga mandelonitrile. Ga Mandel nan, almon, ga nitrile, wato ɓangaren sayanaid. Amigdalin ne da ɗan'uwansa, yawanci daga ƙwallon mishmish ake tatso shi. Wani Ba'amurke, Ernst Krebs ƙarami, shi ya yayata shi, shi ya liƙa masa sunan bitamin. Ba bitamin ba ne, babu cutar da rashinsa ke kawowa. A 1982 aka buga sakamakon gwajin da Asibitin Mayo ya jagoranta a kan masu ciwon daji 178. Bai warkar ba, bai tsayar da ciwon ba, bai ƙara kwana ba, wasu ma alamun gubar sayanaid suka nuna. Mai sayar da shi ga wanda ciwo ya ɗimauta, ko dai jahili ne ko azzalumi.

Wani likita ɗan Sikotlan, John Dalziel, ya yi aiki a Arewa zamanin Turawa, ya tattara tsirrai har a wajajen Kontagora, a 1916 ya buga ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa. Yau hano, wanda wasu ke kira ararraɓi, ɗan'uwan itacen lubban, sunansa Boswellia dalzielii. Ya yi aiki, ya cancanta. Amma maharba da makiyaya da tsofaffin matan da suka nuna masa itatuwan suka gaya masa amfaninsu, ba a san sunan ko ɗaya ba.

Roƙona ga malamai shi ne, duk ranar da za ku rubuta sabon suna a allo, ku ba shi minti biyar ku ɓare shi gaban ɗalibai, su ga gaɓoɓinsa. Ku kuma ɗalibai, idan kun je hutu, ku ɗauki littafi ku zauna da kakanninku, ku rubuta sunan kowane tsiro da Hausa, Gwaranci, Nufanci da Fulatanci kusa da na Latin, ku rubuta sunan wanda ya gaya muku da garinsu. Ku gaya wa na gida kada a rage kwanakin jiƙon rogo don sauri, kada kuma a saki dabba a gyauro.